Kaskon Inna a Hanyar Ɗuri Sinina

Gangare, Jos
14 ga Nuwamba, 1983

Ɗana Kamilu,

Bayan sallama, ina fata kana lafiya kai da maiɗakinka Mardiya. Mu nan kalau muke, in ka ɗebe gwiwata ta hagu wadda har yau ba ta yafe mini shekara talatin da na yi ina taka kulocin babbar mota ba.

Wannan takarda tana hannun Innarku Sabuwa. Ga ta nan na danƙa maka. Ni da ubanka a wajen kakanni muka haɗu, amma ka san ban taɓa ƙirga nisan ba. A gidan nan ka koyi riƙe sitiyari, tuwon hannunta ka ci shekara shida. Yanar ido ta rufe mata ido biyu, kuma kowa ya ce likitocin Masar sun iya aikin. Kai da kake tuƙa manya a Alƙahira ba za ka rasa sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba.

Za ka ga na haɗo ta da koren akwatina na ƙarfe, wanda ya kwana bayan kujerata a kowace hanya da na taɓa bi. Na san za ka yi dariya. Yi abarka, amma ka sa shi a motarka. Akwai bargo biyu na ulu, kyandir dozin, ashana a cikin kwalba don kada ta jiƙe, gwangwanin madara wanda na huda gefensa, igiya, waya, tocila, fambel na injin mota, safa, sukari, ganyen shayi, dabino da ƙuli-ƙuli. Kada ka cire ko ɗaya. In mota ta mutu maka a daji cikin sanyi, kada ka bar ta ka kama tafiya da duhu, kuma kada ka bar kowa ya yi barci mai nauyi.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna na rubuta da hannuna. Innarku ba ta rabuwa da kaskonta na gawayi, na tabbata yana cikin kayanta. Kada ka yarda ta hura shi a wurin da yake rufe, ɗaki ne ko mota. Ka ji labarin ƙanena Ɗanjuma, wanda ya rasu kafin a haife ka. Kowa ya san sanyi ne ya kashe shi a cikin mota bayan Barikin Ladi a shekarar 1955. To ba sanyi ba ne. Motarmu ta lalace, na bar shi a ciki na tafi neman makanike, da na dawo da safe na tarar da shi kamar mai barci, gilasai a rufe, kasko a gabansa. Likita ya gaya mini gawayi yana fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta, ita ce ta ɗauke shi. Kaskon nan Innarku ce ta ba shi da hannunta, kuma ita ta raine shi tun tana amarya. Shi ya sa na ce mata sanyi ne. A gida ina da dabarata, na fasa saman tagar ɗakinta na ce aikin magini ne. Can kuwa ba ni nan.

Wannan amana ce tsakanina da kai. Kada ta ji daga bakinka.

Babanka,
Maikano

Hayyus Sabi', Madinat Nasr, Alƙahira
20 ga Disamba, 1983

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gwiwa? Ina 'yarku Hauwa da yaranta? Mardiya ta ce a gaishe ka.

Albishirinka, an yi wa Inna aikin idon dama ranar uku ga wata a wani asibiti da ke Abbasiya, kuma ya yi kyau. Da aka kwance bandeji, abin da ta fara cewa shi ne na yi ƙiba kuma na fara sanƙo. Likita ya ce tamam, komai daidai, sai dai ba karatu ba rubutu har sai tabaronta ya fito. Na hagu kuma sai bayan wata uku.

Akwatinka ya iso lafiya, kuma ka yi gaskiya, na yi dariya har da riƙe ciki. Baba, wannan fambel ɗin ai na babbar mota ne, zai zagaye tsohuwar motata sau biyu ya yi saura. Mai gadin gidanmu da ya taya ni ɗauka ya tambaye ni ko yaƙi za ni. Nan gari ne da fitila ba ta mutuwa a titi, kowace kusurwa da makanike, in ka tsaya minti biyu mutum biyar za su taya ka turi suna yalla yalla. Duk da haka na sa shi a but, ban cire ko tsinken ashana ba, don na san halinka, kana iya aiko wanda zai ƙirga.

Maganar kasko na ji, na kuma riƙe. Akwai shi kuwa, a naɗe cikin zane kamar jariri. Sanyi ya shigo nan sosai, gidajensu kuma na siminti ne, sanyin yana fitowa ta ƙasa. Na saya mata abin ɗumama ɗaki na lantarki, ta dube shi da sabon idonta ta ce wutar da ba ta da toka ba wuta ba ce. Mun yi sulhu a kan ta riƙa hura kaskonta a baranda. Na ce mata mai gidan hayar ne ya hana a ɗaki, Allah ya yafe mini, bawan Allah bai san ma ana yi ba.

Akwai abin da ta roƙe ni. Tun da ta ji Dutsen Ɗuri Sinina yana cikin ƙasar nan, inda Annabi Musa ya yi munajati, ta ce shi take so idonta ya fara gani na kirki, ba sanƙona ba. Yanzu an buɗe hanyar yankin, mutane suna zuwa. Maigidana zai yi tafiya farkon Janairu, ina da hutun kwana huɗu, zan kai ta ni da Mardiya. Kada hankalinka ya tashi. Wanda ka koya wa tuƙi a hawan Filato ba dutsen da zai ba shi tsoro.

Ɗanka,
Kamilu

Madinat Nasr, Alƙahira
12 ga Janairu, 1984

Malam,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya da kai da yara. Mardiya ce take rubuta mini, na ce ta sa yadda na faɗa kada ta gyara. Wani ɗalibi mutumin Bauci zai taho gida jibi, shi zai kawo.

Ido da sauƙi. Amma ban rubuto don ido ba. Mun je dutsen, mota ta mutu mana a tsakanin duwatsu, muka kwana a ciki. Malam, duk sanyin Jos da ka sani wasa ne. Ruwan buta ya zama dutse. Wani farin abu ya yi ta zubowa daga sama. Na ce shi ke nan, a nan za a binne ni.

Ina da kaskona, ina da gawayina, wutar ma an hura ta. Yaron nan Kamilu, wanda na wanke wa kaya, na yi jinyarsa lokacin da ya yi shawara, shi ya fizge kaskon daga tsakanin ƙafafuna ya fitar da shi waje. Na roƙe shi ya ƙi. Ya dubi tsabar idona ya faɗa mini maganar da ban taɓa zaton zan ji daga bakin ɗan da na raina ba. Har yanzu in na tuna sai hawaye, ga shi likita ya hana ni kuka.

Yatsun ƙafata biyu har yau ban jin su sosai. Ban yi masa magana ba tun da muka dawo, kuma ba zan yi ba. Abincinsa ma don dai Mardiya ce ke dafawa. Ka nemo mini hanyar dawowa gida, idon hagun a bar shi, ɗaya ya ishe ni ganin abin da na gani.

Sabuwa

Baba, ni ce Mardiya. Na rubuta yadda ta faɗa. Ka jira takardarsa, ya sa ta a gidan waya jiya.

Gangare, Jos
21 ga Janairu, 1984

Kamilu,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Takardar Innarku ta iso ina masallaci. Hauwa ce ta karɓa, kafin in dawo ta karanta wa duk mutanen gida, yanzu har maƙwabta sun san ka hana uwarta wuta a cikin ƙanƙara. Ta ce kada ka ƙara taka gidan nan. Wannan bai dame ni ba, don ni na san dalilin fitar da kasko, kuma da ni ne a wurin abin da zan yi ke nan.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne layi ɗaya. Ta ce ka faɗa mata maganar da ba ta taɓa zaton za ta ji ba, kuma tana kuka in ta tuna. Wace magana ce in ba wadda na ba ka amana ba? Shekara ashirin da tara ina riƙe da ita, kai wata biyu ta gagare ka. Tsohuwa mai ɗanyen aiki a ido, a ƙasar da ba ta da kowa, ka ɗora mata gawar Ɗanjuma a ka don kawai ta sakar maka kasko. Ashe ƙarfin hannunka bai isa ba sai ka haɗa da baki.

Takardar da Mardiya ta ce ka aiko ban gan ta ba. Kullum sai na aika a duba. In da gaske ka rubuta, to ka sake rubutawa, ka gaya mini kalmar da ka faɗa mata ɗaya bayan ɗaya.

Maikano

Hayyus Sabi', Madinat Nasr
3 ga Fabrairu, 1984

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida gwiwa, ina gaida Hauwa duk da ta kore ni daga gidan da na fi ta sanin inda ake ɓoye ƙanzo a cikinsa. Inna lafiya, yatsunta sun dawo, likita ya ce ba abin da zai same su. Takardata ta farko tana can tana yawon duniya, ma'alish, ba komai, in ji mutanen nan. Wannan ta hannun mutum zan ba da.

Amanarka tana nan yadda ka ba ni. Ban faɗa mata ba. Ga abin da ya faru.

Mun bar Alƙahira ranar Alhamis biyar ga wata bayan asuba. Tafiya ta yi daɗi har la'asar, lokacin da muka bar bakin teku muka fara hawa cikin duwatsu. A nan na yi wautar da ba ka koya mini ba. Wani mai sayar da mai ya ce akwai hanyar ƙasa da ta fi kusa, na saki kwalta na bi ta. Mun yi kamar mil goma sha biyu fambel ya tsinke. Na tsaya inji ya huce, da na zo tayarwa batir ya ce bai san zancen ba, dama tsoho ne, sanyi ya ƙarasa shi. Rana tana faɗuwa, ba gida ba mota, ba ko akuya. Laifin nan nawa ne, ban raba shi da kowa ba.

Ban tsorata ba, Baba, don na san abin da ke but. Na buɗe akwatin da na yi wa dariya, na ji kamar kana tsaye a kaina. Na tattara mu duka uku a kujerar baya, Inna a tsakiya. Na sa mata safa biyu, na naɗe su da barguna, na toshe gilasai da dardumar salla da kwali. Na kunna kyandir a cikin gwangwanin madara, na sauke gilashin da ba ya fuskantar iska kamar faɗin yatsa. Ba za ka yarda da ɗumin da kyandir ɗaya yake bayarwa ba, ko da yake kai ka huda gwangwanin, ka riga ni sani. Bayan magariba dusar ƙanƙara ta fara sauka kamar ana tankaɗen gari.

Kaskon Inna ma ya yi aiki. Na hura shi a waje bayan wani dutse, na dafa shayi da sukari mai yawa, muka ci dabino da ƙuli-ƙuli. Sai na riƙa gasa ƙananan duwatsu a kai, in naɗe su a zane in sa mata a ƙafa da ciki, in sun huce in sake. Mardiya kuma na ce ta yi ta jan ta da hira kada ta yi barci. Inna ta yi ta mita, wai ga wuta can tana ɗumama duwatsun Allah ita tana nan tana daskarewa. Na yi kamar ban ji ba.

Can na zaga da tocila neman wasu duwatsun, na ɗan jima. Da na dawo ban ga kasko a bayan dutse ba. Ta fita da kanta, da ido ɗaya, ta ɗauko shi da garwashinsa, ta ajiye tsakanin ƙafafunta, ta sa Mardiya ta ɗage gilashin da na bari. Mardiya ba ta san komai ba, kuma wa zai ce wa Inna a'a? Da na buɗe ƙofa ɗumi ya buge ni mai daɗi, Mardiya tana cewa kanta ya fara sarawa, Inna kuwa har ta fara gyangyaɗi.

Na buɗe ƙofofi huɗu gaba ɗaya, iska ta shigo ta kashe kyandir. Na sunkuya na kama kaskon. Ta riƙe bakinsa da gefen zanenta, ta ce in saki. Tun da nake ban taɓa musa mata ba, ko ido ban taɓa haɗawa da ita ba. Ran nan na dube ta na ce, "Inna, ko tsine mini za ki yi, kaskon nan ba zai kwana a motar nan ba." Na ɓamɓare yatsunta na fitar da shi. Maganar ke nan, ba ƙari ba ragi. Ɗan da ta raina ya ce tsinuwarta ba ta tsorata shi ba, shi ne abin da take kuka a kai, kuma tana da gaskiyarta.

Sauran daren mun yi shi da kyandir da duwatsu har gawayi ya ƙare, daga nan sai jikin juna da barguna. Na yi ta murza mata ƙafa tana janyewa. Gari na wayewa na tufka igiyarka riɓi uku na ɗaura a madadin fambel, ni da Mardiya muka tura motar a gangare, ta tashi. A hankali muka lallaɓa har wani gidan Larabawan daji, suka shigar da mu, suka ba mu shayi da gurasa mai zafi. Fambel ɗinka na babbar mota shi kaɗai ne bai yi aikin komai ba, kyandir kuwa saura uku.

Yanzu ga abin da ya sa na matsu takardar nan ta same ka. Lokacin da na fitar da kaskon, Inna ta faɗi wata magana cikin kuka. Ta ce, "Haka na yi wa Ɗanjuma rowar gawayi, rabin kwano na zuba masa don in rage na girki, sanyi ya kashe mini shi." Baba, ka ɓoye mata don kada ta ɗauki gawarsa a ka, ashe tana ɗauke da ita tun ran nan, ta wani gefen. Shi ya sa take cika kasko har ya yi tozo.

Kuma tun da muka dawo ta daina jin maganata. In na fita aiki sai ta shiga ɗaki da kaskon ta rufe ƙofa da taga. Sau biyu Mardiya tana samun ta da ciwon kai. Na ɓoye gawayin, ta ba mai gadi ya sayo wani. Nan ba tagar da zan fasa in ce aikin magini ne. Zan iya jure fushinta har ƙarshen raina, da na Hauwa, wannan ba komai ba ne. Amma ba zan iya tsaron ƙofarta ina wurin aiki ba. Ba zan faɗa mata ba tunda ka hana. Kai ne za ka faɗa. Tabaronta zai fito mako mai zuwa, kuma ka san tana karanta ajami.

Ɗanka,
Kamilu

Gangare, Jos
15 ga Fabrairu, 1984

Uwar Hauwa,

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da ido, barka kuma da arziki. Gida lafiya. Kajinki suna nan, ɗaya ta ƙyanƙyashe tara.

Da ajami na rubuto miki don ki karanta da idonki, kada kowa ya shiga tsakani. Ki zauna kafin ki ci gaba, kuma in kaskon yana kusa da ke a ɗaki, ki fitar da shi tukuna.

Na yi miki ƙarya shekara ashirin da tara. Ba sanyi ne ya kashe Ɗanjuma ba. Iskar gawayi ce, a cikin mota rufaffiya. Ba a ganinta, ba ta da wari, mutum yana jin daɗin ɗumi barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Abin da Kamilu ya fizge daga tsakanin ƙafafunki ke nan. Ni na gaya masa, ni na kuma hana shi gaya miki, ya zaɓi ki yi fushi da shi da ya ci amanata. Ni ma na zage shi a takarda a kan laifin da bai yi ba.

An ce kin ce kin yi wa Ɗanjuma rowar gawayi. Ba ki yi ba. Da na dawo da safe na tarar da saura a kwanon, ko rabin abin da kika zuba bai ƙone ba.

Akwai kuma abin da ko Kamilu ban gaya wa ba. Na ce masa na ɓoye ne don kaskon naki ne, kada ki zargi kanki. Gaskiya ne, amma ba duka ba. Ni na hura masa wutar kafin in tafi. Ni na ɗage gilasan. Akwai wata kafa a ƙasan ƙofa da iska ke shigowa, na cire hulata na toshe ta da hannuna, na ce masa ya kwanta ya yi barcinsa, kafin ya farka na dawo. Ke kin ba shi kasko don ya ji ɗumi, ni na rufe shi da shi. Ban iya faɗa miki ba, don ban san da wane ido za ki dube ni ba. Na bar ki kina cika kasko, ni ina fasa taga a ɓoye, na ɗauka dabara ce.

Akwatin nan da kike cewa na fi son sa da mutane, bayan rasuwarsa na haɗa shi. Duk abin da ke ciki abin da ya kamata in bar masa ne a daren.

Ban ce ki yafe mini yau ba. Abu biyu nake roƙo. Kada ki ƙara rufe ƙofa da wuta a ciki. Kuma ki tsaya a yi miki idon hagu, ki kira yaron nan ki sa masa albarka.

Mijinki,
Maikano

Madinat Nasr, Alƙahira
2 ga Maris, 1984

Malam,

Ina gaisuwa. Da hannuna nake rubutawa, in ka ga layin ya karkace tabaron ne, nauyinsa kamar murfin tukunya.

Na karanta takardarka sau uku. Kwana biyu ban fito ba, amma ƙofa a buɗe take, Mardiya shaida ce. Na yi fushi da kai ƙwarai, kuma har yanzu da saura. Ba don hular ba. Kai ma ɗumi ka so ya ji, yadda na so. Na yi fushi don ka bar ni ni kaɗai da rabin kwanon nan, kai ma kana can kai kaɗai da hularka, a gida ɗaya, shekara ashirin da tara. Da ka faɗa da mun yi kukan tare mun gama.

Na kira Kamilu. Ya shigo yana sunkuyar da kai kamar ba shi ne ya ɓamɓare mini yatsu ba. Na sa masa albarka, na ce ya rubuta wa Hauwa, ni ma zan sa hannu. Ya ce halas, Inna, wato shi ke nan da Larabcinsu, sai ya fita baranda ya daɗe. Kaskon yana can, Mardiya tana gasa masara a kai. Akwatinka na sa an cika shi, kyandir dozin, an kuma sayo fambel daidai motar.

Dutsen na gan shi da safen nan da muka tsira, rana tana fitowa a kansa, fari fat. Ban ce komai ba don ina fushi, amma na gani.

An sa ranar idon hagu, goma ga wata. Zan tsaya. In na dawo kada ka ce gwiwa. Ka nemi mota ka kai ni bayan Barikin Ladi inda kuka binne shi, ban taɓa zuwa ba. Yanzu ina gani, kuma na san abin da zan ce masa.

Sabuwa